Mun gwada wufa uku a but ɗin mota ɗaya: mai wat 2500 ce ta zo ta ƙarshe

Mai Golf:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Na daɗe ina faɗa a nan cewa lambar da ake bugawa a jikin kwalin sifika ba ita ce ƙarfinta ba, wasu na ganin neman gardama ne. To mun gwada, ga yadda ta kaya.

Wufa uku muka haɗa, wato sifikun da ke fitar da sautin ƙasa na bas, duk masu inci 12, duk om 4 (awon turjiyarsu ga wuta ke nan). Ta farko sabuwa ce dal, an rubuta wat 2500 a kwalinta da manyan baƙaƙe, nauyinta kuwa sai ka sa hannu biyu. Ta biyu kwalinta bai cika baki ba, wat 350 RMS kawai ya ce, wato ƙarfin da take ɗauka a jere, amma akwai takarda a ciki mai ɗauke da bayanan awonta. Ta uku tsohuwa ce ta hannu, irin wadda ake cirowa daga motocin Beljiyam, ba kwali ba takarda. Ba zan kama sunan kamfani ba, domin jabu ta yi yawa, sunan da ke jikin kaya ba kullum ne nasa ba.

Akwati ɗaya muka yi amfani da shi, rufaffe ruf ba rami, na katakon MDF mai kaurin milimita 18, cikinsa lita 33. Amfilifaya ɗaya, mota ɗaya, inji a kunne. Kafin kowacce ta yi kiɗa sai mu saki sautin gwaji na 50 Hz (Hz awon sauti ne, ƙaramar lamba na nufin sautin ƙasa mai kauri), mu ɗora mita a bakin wayoyinta, mu tabbatar wutar da ke shigarta daidai take da ta sauran. Masu saurare suna kujerar gaba, ba sa ganin wadda aka ɗaura a but.

Ta farko tana da wani bugu guda ɗaya da take yi da ƙarfin gaske, kuma duk abin da aka kaɗa a ƙasa sai ta mayar da shi wannan bugun. Ganga da jitar bas duk murya ɗaya. Da muka sauko da sautin gwaji zuwa 35 Hz sai takardarta, wato faifan gabanta da ke tura iska, ta riƙa kai da komo sosai, amma babu sauti, sai fat-fat. Ta biyu ba ta yi hayaniya ba, amma ta sauka ƙasa har kana jin ta a bayan kujera, kuma kana rarrabe bugun ganga da jan bas. Ta uku ta bi ta biyu kusa-kusa, sai da ta ɗauki zafi ta fara ja da baya.

Duk waɗanda suka zauna a gaba ta biyu suka zaɓa. Abin da nake so masana su warware mana shi ne: a shago, a ƙasa, ta farkon ce ta fi burge kowa. Me ya sa?

Ɗan Sabon Gari:
Wa'alaikumus salam. Malam Mai Golf, ni kaya nake sayarwa, kuma ba na jin tsoron gwaji. Amma wannan gwajin naka ba a yi wa ta farko adalci ba. Irin waɗannan wufa akwati mai rami suke so, babba, kai kuma ka cusa ta cikin lita 33 ka toshe. Ai dole ta shaƙe. Sannan ka duba su wa ke saye. Yaro ya shigo shago ya ce shi so yake idan ya shigo layinsu a san ya shigo. Wannan ba ruwansa da rarrabe ganga da jita. Kunnen mai kuɗin shi ne alƙali, ba mita ba.

Mai Golf:
Alhaji, ai kunne muka bai wa alƙalancin. Idon kawai muka rufe masa. Idan mutum ya ga ƙaton maganaɗisu da jan fenti, ya gama yanke hukunci tun kafin a kunna.

Injiniya:
Kowannenku yana da gaskiya a ɓangare guda, bari in shiga tsakani.

Alhaji ya faɗi daidai cewa akwati ɗaya ba ya dacewa da kowace wufa. Wannan ba ra'ayi ba ne, lissafi ne tsayayye. Wani injiniya ɗan Ostareliya, Neville Thiele, shi ya fara shimfiɗa shi a 1961, sannan Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970 yana Jami'ar Sidni. Shi ya sa har yau ake kiran waɗannan lambobi da sunayensu biyu. Uku daga ciki su ne ginshiƙi. Fs shi ne sautin da takardar ke karkarwa a kai da kanta idan tana fili ba akwati. Vas yana nuna laushin ɗaurinta, ana auna shi da lita. Qts kuma yana nuna yadda maganaɗisu da koyil (naɗin wayar da ke motsa takardar) suke iya riƙe takardar su tsayar da ita bayan bugu, hawan lambar kuwa raunin riƙo yake nufi. A bisa al'ada, idan Qts bai kai 0.4 ba an fi sa ta a akwati mai rami, daga 0.4 zuwa 0.7 rufaffe ya fi, idan ya haura haka to tana son fili mai faɗi sosai a bayanta.

Yanzu ga amsar tambayar Mai Golf. Duk wufar da ka sa a rufaffen akwati, wannan lambar ta riƙo tana hawa, kuma ƙanƙantar akwati ke ƙara mata hawa. Idan ta tsaya wajen 0.7 sauti zai tafi a miƙe. Idan ta haura 1 sai ya yi tudu a wuri guda, galibi tsakanin 60 da 80 Hz, ƙasa da nan kuma ya zube. Wannan tudun shi ne "bugu ɗaya" da kuka ji. A shago, inda fili ne a buɗe, tudun ne kaɗai kunne ke kamawa, sai ta zama ita ce gwana.

Cikin mota kuwa wata duniya ce. Tsawon igiyar sauti ta 40 Hz ya kai mita 8 da rabi, alhali cikin motar bai fi mita 3 ba. Igiyar ba ta da wurin miƙewa, sai iskar motar gaba ɗaya ta riƙa matsewa tana sakewa, motar da kanta ta ƙara wa sautin ƙasa ƙarfi. Wannan ƙarin yana farawa ne daga wajen 70 Hz zuwa ƙasa, kuma a lissafi yana iya kaiwa desibel 12 (desibel awon ƙarar sauti ne) duk sanda lambar Hz ta rabu biyu. Rufaffen akwati shi ma da desibel 12 ɗin yake zubewa, sai su cike wa juna. Shi ya sa ta biyu, wadda ba ta yi armashi a shago ba, ta cika mota. Ta farko kuma tudunta ya haɗu da ƙarin motar ya zama gunji.

Inda ban bi Alhaji ba shi ne cewa rami zai gyara ta. Wufa mai raunin riƙo idan ka sa ta a akwati mai rami, tudun ƙaruwa yake yi.

Ɗan Sabon Gari:
Injiniya, Allah ya ƙara basira. Amma ta yaya ka san riƙonta mai rauni ne? Ba ka ga maganaɗisun ba. Mai Golf da bakinsa ya ce sai da hannu biyu.

Mai Golf:
To ai matsalar ke nan, Alhaji. Da za a yi mata akwatin da ya dace da ita, da wace lamba za a yi? Babu Fs, babu Qts, babu Vas, ko a kwali ko a takarda. Wat 2500 kawai. Kamfanin da ya auna kayansa ba ya ɓoye awon.

Baba Rewaya:
Ku yi haƙuri yara, ni ban yi karatun lissafin nan ba, amma na naɗa koyil ɗin sifika tun zamanin da ake sa kaset a mota. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Wannan ƙaton abin da kuke gani a bayan wufa, ku zare rigar robar da aka sa masa tukuna. Sau tari za ku tarar maganaɗisun bai kai girman rigar ba. Ko da ya kai, ƙarfin ba a girma kaɗai yake ba, yana cikin ƙuncin ramin da koyil ke zirga-zirga. Idan ramin ya yi faɗi, ƙarfin maganaɗisun ya watse. Masu yin na araha suna faɗaɗa shi da gangan don kada koyil ya goga ko da ba a saita shi daidai ba.

Ga yadda nake duba sifika kafin in sa mata wuta. In shimfiɗa yatsuna kewaye da hular tsakiya, in danna a hankali, a daidaice. Idan na ji ƙuru-ƙuru to koyil yana goga, ko ya taɓa ƙonewa ya kumbura. In kai hanci bayanta, wadda ta taɓa ƙonewa ƙaurin ba ya barin ta. In duba ƙyallen nan mai ruwan ɗorawa da ke riƙe koyil, ko ya lotsa ko gam ya saki. In duba siraran wayoyin nan biyu da ke tafiya daga baki zuwa takarda, nan ne suke yawan tsinkewa. Sannan in ɗora mita. Wadda aka rubuta om 4, mita za ta nuna uku da ɗoriya, wajen 3.2 zuwa 3.6, wannan lafiyarta lau. Idan ta nuna ƙasa da haka sosai, wayoyin koyil sun manne da juna.

Abu na ƙarshe, ku leƙa faɗin koyil ɗin. Wufar da ke ɗaukar wat dubu na gaskiya galibi koyil ɗinta inci 3 ne ko kusa da haka. Na sha buɗe masu rubutun dubu biyu in tarar da koyil inci ɗaya da rabi.

Mai Golf:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ta farkon nan mun leƙa ta ramin bayanta, koyil ɗin bai kai na ta biyu faɗi ba.

Yaron Gareji:
Oga Injiniya don Allah a taimaka min. Amfilifaya ta an rubuta wat 3000, wufa ta kuma 1800. Wasu sun ce za ta fasa ta, wasu sun ce ba komai.

Injiniya:
Ƙanena, juya amfilifayar ka duba fiyus ɗin da ke gefenta. Lamba nawa?

Yaron Gareji:
Guda ɗaya ne, 25.

Injiniya:
To mu yi lissafin tare. Idan inji yana aiki wutar mota tana kaiwa bolt 14.4. Ka ninka da amfiya 25, ka samu wat 360. Wannan shi ne abin da za ta iya ja a jere kafin fiyus ya tsinke, kuma ba duka ke isa sifika ba, wani zafi yake zama. Idan irin ta zamani ce da ake kira aji D, wajen kashi 80 cikin ɗari ke fita, wato kusan wat 290. Idan tsohon tsari ce, aji AB, da ƙyar ta wuce 200. Kafin amfilifaya ta ba da wat 3000 na gaske sai ta ja amfiya wajen 260, alhali altanetar ƙaramar mota tana tsakanin 70 da 100 ne, kuma da ita ake kunna fitila da fanka da komai.

Lambar da za ka nema ita ce RMS, wato ƙarfin da ake iya bayarwa a jere ba tsayawa. Wadda aka rubuta Max ko PMPO ba ta da wata ƙa'idar da kowa ke bi. Akwai ma'auni na Amurka mai suna CEA-2006, yanzu ana kiran sa CTA-2006, wanda ya ce a auna a bolt 14.4, a kan om 4, kuma gurɓatar sauti kada ta wuce kashi 1 cikin ɗari. Haka rediyon mota: wanda aka rubuta 50 sau 4, abin da yake bayarwa a tsabtace wajen wat 20 ne a kowace sifika.

Ɗan Sabon Gari:
Wannan lissafin fiyus na yarda da shi, ni ma ina nuna wa masu saye. Amma ka gaya wa yaron nan gaskiya, ƙaramar amfilifaya ita ce ke kashe wufa, ba babba ba. Kullum ana dawo min da su a ƙone, kuma idan na tambaya sai in tarar ƙaramar amfilifaya aka sa.

Injiniya:
Alhaji, abin da kake gani gaskiya ne, amma dalilin ba ƙanƙanta ba ne. Ka ba wufa mai wat 350 tsabtataccen wat 100 daga safe har dare, babu abin da zai same ta. Abin da ke faruwa shi ne mai ƙaramar amfilifaya ba ya ƙoshi, sai ya murɗa maɓallin gen na amfilifayar har ƙarshe, ya ƙara da maɓallin bas. Amfilifaya ta kai iyakarta, sai ta fara yanke kan igiyar sautin. Igiyar da aka yanke ta zama mai kusurwa tana iya ɗaukar har ninki biyu na ƙarfin lafiyayyar igiya mai tsayi ɗaya. Idan wannan ya haura abin da koyil zai iya jurewa, ya ƙone. Kuma ka tuna yawancin waɗanda ake dawo maka da su, ƙarfinsu na gaskiya bai kai kusa da na kwali ba.

Gen ba maɓallin ƙara murya ba ne, daidaita amfilifaya da rediyo yake yi. Ana saita shi da mita. Ka ninka wat da om, ka nemo tushen lambar. Wat 350 sau om 4 ya ba da 1400, tushensa wajen 37. Sai ka cire wayar wufa, ka kashe duk ƙarin bas, ka kai rediyo kusan kashi uku cikin huɗu, ka saki 50 Hz, ka murɗa gen har mita ta nuna bolt 37 a ɓangaren AC, ka tsaya. Da sharaɗin amfilifayar tana iya ba da 350 ɗin. Kai ƙanena, taka ka yi lissafin da 200, wato wajen bolt 28.

Maman Khalifa:
Salamu alaikum. Ina bin muhawarar nan duk da ni ba bas nake nema ba. Corolla gare ni, abin da na fi ji a hanya karatun Alƙur'ani ne da tafsiri da labaran rediyo. Sifikun ƙofa sun fara kakkarwa, muryar mai karatu tana fita a dushe. Wani mai gyara ya ce in sa wufa komai zai gyaru. Haka ne?

Baba Rewaya:
A'a Hajiya, kada ki kashe kuɗinki a nan. Wufa ba ta san murya ba. A cire murfin ƙofar a duba, na tabbata ko bakin takardar ya ruɓe ko ruwan damina ya bi ta gilashi ya jiƙa ta.

Injiniya:
Baba ya gama magana. Wufa aikinta daga 80 Hz ne zuwa ƙasa. Gindin muryar namiji yana tsakanin 85 da 180 Hz, abin da ke sa ki rarrabe haruffa kuma, irin su sin da shin da sad, yana can sama daga 2000 Hz zuwa gaba. Wannan aikin sifikar ƙofa ne da tuwita, ƙaramar sifikar nan mai fitar da siririn sauti. Ki nemi mai inci 6.5 wadda tuwitarta a ware take, a ɗora tuwitar a sama kusa da madubin gefe, domin siririn sauti a miƙe yake tafiya, idan yana ƙasan ƙofa ƙafafu yake bugawa.

Tunda rediyo ne kaɗai zai tura su, ki bar maganar wat, ki duba lambar desibel da ke kwalin. Ita ke nuna yawan sautin da sifika ke fitarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Mai 91 za ta ba ki da wat 20 abin da mai 88 sai da wat 40 za ta bayar, domin duk ninka ƙarfi sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. Amma a kula da wata dabara: wasu suna aunawa da bolt 2.83. Wannan wat ɗaya ne a om 8, a om 4 kuwa wat biyu ne, sai lambar ta hau da 3 a banza. Idan za ki kwatanta biyu, ki tabbatar da ma'auni ɗaya aka auna su.

Baba Rewaya:
Kuma Hajiya ki ce wa mai ɗaurawar ya gwada haɗin waya da ƙaramin batirin tocila. Idan ya taɓa jan waya a kan batir, takarda ta turo gaba, to daidai ne. Dama da hagu duk su turo gaba. Idan ɗaya ta juya, suna cinye ƙarfin juna, murya ta zama ba ta da tsakiya. Kada dai ya yi wa tuwita haka.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ya jiƙan mahaifa.

Na Maraɗi:
Ina gaida mutanen Kano. Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ne ya fi damun mu a nan: zafi da ƙura. A watan Afrilu da Mayu inuwa ma tana wuce digiri 40, balle but ɗin motar da ta wuni a rana. Wufa mai bakin soso ba ta daɗewa a wurinmu, sai ka taɓa ka ga yana marmashewa. Mai bakin roba ta fi jurewa nesa ba kusa ba. Waɗanda ake ɗorawa a bayan kujera ƙarƙashin gilashi, masu inci 6 da 9, su rana ke fara ci. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ta ramin bayan maganaɗisu idan babu raga. Don haka gwajin yini ɗaya ba ya gaya min wadda za ta ga damina biyu. Kuma ina son sanin dalilin da ta uku ta ja baya da ta yi zafi.

Injiniya:
Tagullar koyil ce. Duk digiri ɗaya da ta ƙara zafi, turjiyarta ga wuta tana ƙaruwa da kusan kashi 0.39 cikin ɗari. Idan koyil ya tashi daga digiri 25 zuwa 125, wanda ba abin mamaki ba ne a wufar da ake dukan ta, om 3.4 ya koma wajen 4.7. Bolt ɗin da amfilifaya ke bayarwa bai canja ba, amma ƙarfin da ke shiga ya ragu da kusan kashi 28. Mai mota ya ji sauti ya ragu, ya ƙara murɗawa, zafi ya ƙaru. Ta haka da yawa suke mutuwa a tafiya mai nisa. Wadda aka yi wa hanyar shan iska mai kyau ta fi jinkirin kaiwa nan. A ƙasarmu ma daga digiri 25 ba a farawa.

Direban Sharon:
Ni da wayata nake aunawa, akwai manhajar desibel. Tawa ta nuna ta fi ta abokina.

Injiniya:
Makirufon waya don magana aka yi shi. Yana yanke sautin ƙasa, kuma idan ƙara ta yi yawa yana cikewa ya daina hawa. A wufa ba abin dogaro ba ne. Wanda yake son awo na gaske, akwai manhajar kwamfuta mai suna REW, kyauta ce, sai a haɗa ta da makirufon awo irin UMIK-1, a kafa shi inda kan direba yake. Za ta zana maka layin sautin daga ƙasa har sama, ka ga tudu da kwari da idonka. Na lissafin akwati kuma akwai WinISD, ita ma kyauta.

Ina da gyara ɗaya ga tsarin Mai Golf. Daidaita bolt yana nuna wadda ta fi ƙara da wuta iri ɗaya. Idan daɗin sauti ake nema, ƙarar ce ya kamata a daidaita, domin kunne yana karkata ga wadda ta fi ƙarfi ko da da ɗan kaɗan ne.

Mai Golf:
Na karɓa, tambayoyi biyu ne daban, kowacce da awonta. Amma a lura, a namu gwajin wadda ta fi ƙara ita ce ta faɗi. Da an rage ta zuwa daidai da sauran, da tazarar ta fi haka.

Malamar Asibiti:
Ku ba ni dama in sa baki, don ina ganin ƙarshen wannan abin a wurin aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da kunnen babba ke jurewa lafiya shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, na yaro 75, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Ku lissafa da kanku inda 100 zai kai ku. Gashin da ke cikin kunne mai kama sauti idan ya mutu ba ya tsirowa. Wanda ya sauka daga mota kunnensa yana ƙugi, gargaɗi ne ya samu. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yara a kujerar baya, su ne mafi kusa da akwatin, kuma ba za su ce a rage ba. Ga maƙwabta masu jinya da masu salla.

Baba Rewaya:
Gaskiya ce tsantsa, 'yata. Cikin abokan sana'armu akwai waɗanda sai ka ɗaga murya suke ji.

Ɗan Sabon Gari:
Malama ba wanda zai ja da ke. Ni dai har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya: ba a gwada ta farko a inda take da ƙarfi ba. Zan kawo wufa biyu daga shagona, ɗaya mai takardar awo, ɗaya irin wadda kuke kushewa. Amma a yi akwati mai rami, kowacce ta shiga duka biyun. Kuma a canja wayar wuta, don na san halin wayoyin da ke yawo.

Baba Rewaya:
Nan kam ka zo da magana. A kankare bakin wayar da wuƙa, idan cikin ya yi fari to alminiyom ne aka shafa wa tagulla. Wutar da yake ɗauka wajen kashi 60 ne na tagulla mai kauri ɗaya. Kuma fiyus ya zauna kusa da batir, kada ya wuce kamu ɗaya. Wayar da ta bi ƙarƙashin kafet ba fiyus a gindinta, ranar da ta goge da ƙarfe motar ce za ta kama.

Kafinta:
Akwatin ni zan yi. A ba ni awo kawai. Zan sa gam a kowace gaɓa kafin in ɗaure da sukurori, in sa ƙarfafa a ciki don kada bango ya yi rawa. Fuskar zan yi ta mai cirewa da roba a baki, yadda za a sauya wufa ba iska ta tsere.

Injiniya:
Malam Kafinta, ka yi lita 55, amma bayan an cire wurin da wufar da bututun za su ci. Bututun ruwa mai faɗin santimita 10, tsawonsa wajen santimita 28, zai saita akwatin a kusan 35 Hz. Ka goge bakinsa ya yi santsi don kada ya yi fito, kuma ka bar aƙalla faɗinsa tsakanin ƙarshensa da bango.

Ɗan Sabon Gari:
Saura sharaɗi ɗaya. A yi zagaye guda mota tana tafiya, gilashi a sauke. Masu sayen kayana ba a tsaye suke jin kiɗa ba, kuma rabinsu ba su da AC.

Injiniya:
Sharaɗi ne mai kyau, domin buɗe gilashi yana rage ƙarin da mota ke bayarwa, ƙarar taya da iska kuma suna binne sautin ƙasa. A nan mai rami zai iya yin gaba, gara mu ji da kunnenmu. Amma amfilifayar da za a kawo ta kasance mai matatar da ke yanke can ƙasa, a saita ta wajen 28 Hz. Ƙasa da inda aka saita rami akwatin ba ya riƙe takarda ko kaɗan, idan aka saki 25 Hz da ƙarfi ba matata, koyil zai daki gindi kafin a kai hannu ga rediyo.